Matsalar Kalmar "Fansa" Wajen Koyar da Ƙananan Yara Addinin Kirista a Ƙasar Madadi

A wannan takarda muna so mu duba wata matsala da ke fuskantar malamin da ke koyar da 'ya'yan Hausawa Kirista a ƙauyukan Madadi da sauran ƙasar Gwarzo da Kabo. Ginshiƙin addinin Kirista shi ne cewa Yesu Almasihu ya mutu a madadin masu zunubi, kamar yadda Kirista suke fahimtar Ishaya 53 da Markus 10:45. Tun daga Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda Dokta Walta Mila na Zariya ya yi babban aiki a kansa, da kalmar "fansa" ake bayyana wannan.

To, amma kalmar tana da fuska fiye da ɗaya. A da, bawa yakan fanshi kansa, ko danginsa su fanshe shi da dukiya. Akwai kuma ɗaukar fansa, wato ramuwa. Yaron yau kuwa ya fi jin ta a rediyo, cikin "kuɗin fansa" da ake kai wa masu garkuwa da mutane. Saboda haka in aka ce masa Almasihu ya fanshe shi, sai ya tambaya: wa aka biya? Tambayar ba ta yarinta ba ce. Wasu malaman farko na ikilisiya sun ce Shaiɗan aka biya, Anselm na Kantabari kuwa ya ƙi wannan a ƙarshen ƙarni na 11, ya ce bashin na Allah ne.

Misalin da wasu malamai ke bayarwa, na ɗalibin da ya karɓi bulala a madadin mai laifi, a ganinmu ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Yaro ɗan shekara shida zalunci kawai yake gani a ciki, ya kuma ɗauki Allah a matsayin mai neman wanda zai doka. Gara a fara da ragon da ya maye gurbin ɗan Ibrahim (Farawa 22), domin yaron ya saba ganin layya a gidajen maƙwabta. Daga nan a wuce ga wa da ya biya wa ƙanensa bashi da son ransa.

Sai dai wajibi ne malami ya faɗa masa tun da wuri cewa abokan wasansa Musulmi sun ɗauka Isma'ila ne ɗan, ba Ishaku ba, ba su kuma yarda an gicciye Annabi Isa ba, ko wani ya ɗauki zunubin wani. In bai ji wannan a aji cikin ladabi ba, a dandali zai ji shi cikin gardama.