Ƙarin mahaifa: ba kullum ake cire mahaifa ba

Mata da yawa, da zarar likita ya ce suna da ƙari a mahaifa, wanda ake kira fibrom, sai gabansu ya faɗi, su ɗauka cire mahaifa ya zama dole. Wannan tsoro kan mayar da wasu gida, su duƙufa shan jiƙo da sassaƙe har jini ya ƙare musu. Alhali kuwa akwai hanyoyin magani da ke barin mahaifa a mazauninta.

Fibrom tsiro ne daga naman mahaifa, ba kansa ba ne. Ya fi yawa ga mata baƙar fata, kuma yakan motse bayan al'ada ta ɗauke. Alamominsa su ne jini mai yawa ko mai zarce kwanakinsa har ya rikita lissafin salla da azumi, nauyi a mara, yawan fitsari, wani lokaci da jinkirin samun ciki. Hoton ekografi ke nuna girmansa da inda ya zauna.

In ba ya wahalar da mace, sa ido ya wadatar. In jini ne matsalar, akwai maganin rage shi kamar Exacyl, da ƙwayoyin ƙarin jini, da robar cikin mahaifa mai sakin hormon. Akwai kuma allurar da ke motsar da ƙarin kafin tiyata, sai dai ba a cika wuce wata 6 ana yin ta ba, domin tana raunana ƙashi, kuma ƙarin yakan dawo in an daina.

Ga mai neman haihuwa, babbar hanya ita ce miyomektomi: a yanke ƙarin, a ɗinke mahaifa. Wani sabo na iya tsirowa daga baya, haihuwa kuma wani lokaci sai da tiyata. Hanya ta gaba ita ce toshe jijiyoyin da ke shayar da ƙarin ta wani siririn bututu, har ya yamushe. Farfesa Jacques Ravina da abokan aikinsa na birnin Paris suka bayyana ta a 1995, amma an fi shawartar ta ga wadda ta gama haihuwa.

Ƴar uwa, kar ki jira ciki ya kumbura, domin yawan girman ƙari na rage zaɓi. Ki je likitar mata mafi kusa. In da buƙata a tura ki babbar cibiya kamar Maternité Issaka Gazobi ta Yamai. Ki faɗa wa likita ƙarara ko kina son ƙara haihuwa. Kai kuma maigida, rakiya da kuɗin magani haƙƙinta ne a kanka. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.