CEFANE TA WAYA: WA YA KAMATA MAGIDANCI YA BA AMANARSA?

Daga Wakilinmu

Aike ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni uwargida tana zaune cikin ɗakinta take yin cefanenta, ta ɗaure kuɗi a bakin zane ta miƙa wa yaro, ta ce ya sayo mata gishiri da daddawa da man gyaɗa, in ya dawo ta ƙirga canji ta duba kaya. Abin da ya sake a yau shi ne an sami wani sabon ɗan aike wanda ba a ganin fuskarsa, wato wayar hannu. Mutum yana zaune a Maiyama sai ya ga hoton buhun shinkafa a wayarsa, ya tura kuɗi ga wani wanda bai taɓa gani ba, sa'an nan ya zauna yana jiran ɗan kabu-kabu ya yi sallama a ƙofar gida.

To, da yake kuɗin da ake turawa ɗin nan kuɗin abincin iyali ne, wanda in ya salwanta sai an ɗaura tukunya babu abin zubawa, ya kamata mu tsaya mu duba yadda magidanci zai zaɓi wanda zai riƙa kawo masa cefane, musamman a garuruwan Jega da Aliero da Maiyama.

GARURUWAN CINIKI

Waɗannan garuruwa uku na Masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato cikin shekarar 1991, ba su bukatar a koya musu ciniki. Jega ta shahara da kasuwarta tun cikin ƙarni na 19, lokacin da ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke yada zango a cikinta, kuma har gobe ita ce mararrabar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri. Aliero kuwa sunanta ya kai nesa saboda albasa, wadda manyan motoci suke kwasa zuwa kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Maiyama tana kudu da Jega a kan hanyar Koko, ƙasa ce ta manoman hatsi da shinkafa.

Amma kuma a cikin garuruwan nan akwai mutanen da zuwa kasuwa yake yi wa wuya. Akwai malamai da ɗalibai na jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero cikin 2006, da na kwalejin koyon aikin lafiya ta Jega. Akwai ma'aikatan asibiti da na ƙananan hukumomi waɗanda sai la'asar suke tashi daga aiki. Akwai matan aure da ba su fita, da tsofaffi, da kuma 'yan ƙasa mazauna Ikko ko Abuja masu son a kai wa iyayensu abinci a gida ba tare da kuɗin ya bi ta hannu uku ba. Waɗannan su ne masu cinikin wannan sabuwar sana'a.

YADDA ABIN YA FARO

Wayar salula ta shigo Nijeriya cikin 2001. Kamfanin Jumia ya fara sayar da kaya ta intanet a Ikko cikin 2012, daga baya wasu suka biyo, irin su Glovo da Chowdeck waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan cikin 2021. Abubuwa biyu ne suka ƙara tura jama'a ga wannan hanya. Na farko shi ne zaman kulle na annobar korona a 2020. Na biyu kuwa ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, sa'ad da aka sauya fasalin kuɗi, har mai tumatir da mai nama suka ga tilas su buɗe asusun banki ko su rasa ciniki.

Sai dai ya kamata mai karatu ya lura da cewa manyan kamfanonin nan sun fi karkata ga manyan birane irin su Ikko da Abuja da Ibadan da Fatakwal. Daɗin daɗawa, girman suna ba ya hana rufe shago. A watan Disamba na 2023 kamfanin Jumia ya rufe sashensa na kai abinci, kamfanin Bolt shi ma ya janye nasa daga Nijeriya a cikin watan. Abin da muke da shi a nan yankin ya fi kusa da gida: mai kanti ko 'yar kasuwa tana saka hotunan kayanta a WhatsApp ko Facebook, a yi ciniki ta saƙo, a tura kuɗi, ɗan kabu-kabu ko mai Keke Napep ya kai kaya. Saboda haka zaɓen da ke gaban magidanci zaɓen mutum ne, kuma da ma'aunin da ake auna mutum za a auna shi.

A SAN MAZAUNINSA

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Abu na farko da za a tambaya shi ne, ina shagonsa yake? Wanda yake da rumfa a kasuwar Jega, maƙwabtansa sun san shi, shugabannin kasuwa sun san shi, ba zai gudu saboda kuɗin tiya biyar ta wake ba. Wanda ba shi da kome sai lambar waya da hotuna masu ƙyalli, ranar da ya kashe wayar shi ke nan. Hoton kaya ba shaida ba ne, domin kowa yana iya ɗauko hoto daga shafin wani ya ce nasa ne. Ya kyautu mutum ya taka da ƙafarsa sau ɗaya ya ga wurin, ko ya sa wani ɗan'uwa ya gano masa. Haka kuma ya tambayi waɗanda suka taɓa saye a wurinsa. In mai sana'ar ya ce kamfani ne, to a nemi lambar rajistarsa ta hukumar yi wa kamfanoni rajista, wato CAC, wadda ake iya bincikawa ta waya.

MAGANAR AWO

Nan ne yawancin rigima take tasowa. Mudu da tiya da kwano ba su zama ɗaya daga kasuwa zuwa kasuwa ba, kuma a kasuwa ɗaya ma akwai mai cika awo har ya yi tozo, akwai mai shafe baki. Wanda ya je da kansa yana kallo ake auna masa, wanda ya aika ta waya kuwa sai abin da ya gani a leda. Don haka tun kafin a biya sai a yi magana a fili: da wane kwano za a auna? Buhun shinkafar mai kilo 50 ne ko mai kilo 25? 'Yar gida ce ko ta injin kamfani? Man ja lita nawa ne? Duk wannan a rubuta shi cikin saƙo, kada a bar shi a baki, domin rubutu shi ne shaida ranar musu. Gida ya kamata ya mallaki kwanon awonsa, a sake aunawa kafin ɗan aike ya juya.

Addininmu bai bar wannan babi ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya gaban mai saye idan an siffanta masa shi, amma in kaya suka zo saɓanin yadda aka siffanta, mai saye yana da zaɓin ya karɓa ko ya mayar. Gargaɗin da Alƙur'ani mai girma ya yi wa masu tauye awo kuwa sananne ne ga kowa. Mai sana'ar da ya ƙi yarda da mayar da kaya tun farko, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

KUƊIN KAI KAYA DA LOKACI

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin hawa babur ya tashi a ko'ina. Wani mai sana'a sai ya rage farashin kaya don ya jawo ciniki, sa'an nan ya fanshe a kuɗin kaiwa. Abin da za a kwatanta shi ne jimillar kuɗi har ƙofar gida. A kuma auna da abin da mutum zai kashe in ya je da kansa. Wanda yake cikin garin Jega lissafinsa dabam ne da na wanda yake ƙauyen Maiyama, inda kuɗin babur kan iya kusan kai na cefanen. Ga irin wannan, dabara ita ce maƙwabta uku ko huɗu su haɗa saƙo ɗaya su raba kuɗin kaiwa.

Lokaci ma abin dubawa ne. A watannin Maris da Afrilu zafi a wannan yanki yakan wuce digiri 40, ga shi wutar lantarki ba ta da tabbas. Nama ko kifi ko tumatir da ya yi awa uku a bayan babur cikin leda, ba shi ne wanda aka gani a hoto ba. Shinkafa da gero da sukari da sabulu da taliya su ne suka fi dacewa da wannan hanya. A kayan gwangwani da na leda a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar amfani. Albasa kuwa, mutumin Aliero ya sani wadda ta daɗe a rudu ko ta sha danshi takan ruɓe daga ciki alhali bayanta lafiya lau, kuma hoto ba ya nuna wannan. Mai sayen buhu guda gara ya sa wanda ya san albasa ya taɓa masa da hannu.

BIYAN KUƊI

Mafi aminci shi ne a biya bayan kaya sun iso. Idan mai sana'a ya nemi kafin alƙalami, to a fara da ɗan ƙaramin saƙo a gwada shi sau biyu ko uku kafin a danƙa masa cefanen wata. Lokacin tura kuɗi sunan mai asusu yakan fito a fuskar waya, in ya saɓa da sunan wanda ake ciniki da shi sai a dakata a tambaya. Babu wani mai sayar da shinkafa da yake bukatar lambar sirri ta katinka, ko lambar BVN, ko lambar da banki ya aiko maka ta saƙo. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu ɓarawo ne. Wanda aka cuta ya hanzarta zuwa bankinsa da shaidar biya, kuma akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa.

Gaskiya dai ita ce su ma 'yan kasuwa suna da nasu kukan. Akwai masu nuna musu saƙon biya na jabu, akwai masu sa a ɗauko kaya tun daga Jega sa'an nan su ƙi ɗaga waya. Magidancin da yake son a riƙe masa amana, shi ma sai ya riƙe ta wasu: ya ba da kwatancen gida sosai, tun da yawancin gidajenmu ba su da lamba, ya kuma sallami ɗan kabu-kabu da wuri.

Muna kira ga shugabannin kasuwannin Jega da Aliero da Maiyama, tare da ƙananan hukumomin uku, da su buɗe rajistar masu wannan sana'a da 'yan baburan da suke yi musu aiki, su kuma tsaya a kan awo guda wanda kowa ya sani. Yin haka zai kare mai saye, zai kuma raba 'yan kasuwar kirki da 'yan damfara masu ɓata musu suna. Kafin a kai ga haka, shawararmu ga magidanci ita ce ya zaɓi wanda ya san rumfarsa, ya san awonsa, ya kuma san inda zai same shi gobe idan wake ya zo da ƙwari. Allah Ya sa mu dace.