Yadda Harsashin Bindiga Ya Yi Tsini

Duk wanda ya ga maharbi yana ɗura adaka ya san aikin: a zuba albarushi ta baki, a jefa dalma, a danna da sanda. Haka sojojin Turai suka yi ta fama har wajen 1850. Cikin bututun bindigarsu sumul yake, harsashin kuma dunƙule ne kamar ƙwallo, in abokin gaba ya wuce yadi 100 sai dai sa'a.

Maƙera sun daɗe da sanin maganin. In aka yanka tsagi mai murɗewa a cikin bututun, harsashi kan fita yana juyawa, ya tafi sak. To amma sai dalmar ta matse sosai kafin ta kama tsagin, wani lokaci har da guduma ake tura ta. Kafin ka ɗura sau ɗaya, an harbe ka sau uku.

Hafsoshin Faransa ne suka warware wannan. A 1826 Delvigne ya kawo dabarar dukan dalmar da sanda har ta baje a ƙasan bututu, sai dai dukan kan ɓata siffarta. A 1849 Kyaftin Minié ya fito da harsashi mai tsini, gindinsa da rami. Yakan zurma cikin sauƙi, amma da albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya cafke tsagin. Nan take sojan ƙasa ya iya kayar da mutum daga yadi 300 ko fiye.

Ingila ta ɗauki dabarar a bindigarta ta Enfield ta 1853. Harsashi da albarushi suna naɗe a takarda mai maiƙo, wadda soja zai yage da haƙori. A Indiya labari ya bazu cewa kitsen alade ne da na shanu. Mu da muka san matsayin alade, ba sai an yi mana bayanin fushin sojoji Musulmi ba. Su kuwa Hindu saniya abar girmamawa ce. Wannan na cikin abin da ya kunna tawayen 1857.

A yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, janar-janar sun ci gaba da jera samari kafaɗa da kafaɗa kamar da, abin takaici. Dalmar taushi gare ta, in ta sami ƙashi sai ta farfasa shi, likita ba shi da abin yi sai yanke hannu ko ƙafa. Ba a daɗe ba bindigogi masu ɗuri ta baya suka ture ta, musamman bayan Furushiya ta ci Ostiriya da irinsu a 1866.