Jirgin Ƙasan Makka Da Madina: A Yanki Tikiti Ta Intanet Ko A Tasha?

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin dare daga Ngaundere zuwa Yawunde ya san al'adarmu game da jirgin ƙasa. Mutum yakan je tasha da kansa, ya bi layi, ya miƙa kuɗi hannu da hannu, sa'an nan hankalinsa ya kwanta. To, da wannan al'ada ce da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu zuwa Umara suke isa ƙasar Saudiyya, inda sukan tarar da wani tsari dabam.

Jirgin da ake magana shi ne na Haramaini, wanda aka buɗe a shekarar 2018. Tsawon hanyarsa wajen kilomita 450 ne, yana kuma gudun da ya kai kilomita 300 cikin awa ɗaya. Tafiyar da kan ci wa motar safa awa biyar ko shida tsakanin Makka da Madina, shi yakan yi ta cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka. Tashoshinsa biyar ne: Makka, cikin garin Jidda, filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, birnin Sarki Abdullahi kusa da Rabig, da kuma Madina.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, a wannan jirgi ba a tafiya a tsaye. Kowane tikiti yana ɗauke da rana, da lokaci, da lambar tarago, da lambar kujera. Idan kujeru suka ƙare, magana ta ƙare, babu roƙo, babu "a taimaka wa tsohuwa". Wannan shi ne ya sa yankan tikiti ta intanet ya fi zama alheri ga yawancin matafiya, musamman a watan azumi da ake cika maƙil. Mutum yana zaune a gida zai ga jiragen da ke da sauran wuri, ya zaɓi lokaci, ya haɗa iyalinsa wuri guda. Ana bukatar suna da lambar fasfo kamar yadda suke a rubuce, sai tikitin ya zo cikin waya.

Sai dai fa a nan gizo ke saƙa. Biyan kuɗin yana bukatar katin banki irin su Visa ko Mastercard, kuɗin waya da muka saba aikawa da su a kasuwanninmu ba su aiki a can. Bugu da ƙari, akwai shafuna na 'yan kamasho masu kama da na hukuma, waɗanda ke ɗora nasu la'ada a kan farashi. Wanda zai saya, ya tabbatar yana kan shafi ko manhajar hukumar jirgin ita kanta. Wanda ba shi da kati, ya nemi ɗansa ko wani amintacce ya yanka masa, amma da sunan mai tafiyar.

Ita ma tasha tana da ranarta. Akwai tagogin sayar da tikiti, akwai kuma na'urorin da mutum ke latsawa da kansa. Wanda ya sauka Jidda yana son wucewa Madina kai tsaye bai san ko jirgin samansa zai makara ba, bai kuma san tsawon lokacin da zai ɓata wajen jami'an shige da fice ba. Idan ya riga ya yanki tikiti, jirgin ƙasa ba zai jira shi ba, kuma sauya tikiti ko mayar da shi yana da nasa sharuɗɗa. Irin wannan matafiyi ko dai ya bar tazarar awoyi masu yawa, ko ya jira sai ya fito ya saya, da sanin cewa zai iya zaman jiran jirgi na gaba. A kuma lura, tashar tana haɗe da sabon ginin filin jirgin ne. Wanda aka sauke a wani ginin sai ya hau mota.

Ko ta wace hanya aka sayi tikiti, akwai abubuwa uku da ba a rubuta su da manyan baƙaƙe ba. Na farko kaya: babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, da ƙaramar ta hannu. Hajiyar da ta yi tsarabar dabino da dogayen riguna buhu biyu, gara ta nemi mota. Na biyu, tashoshin ba a ƙofar masallaci suke ba, ta Madina ma ta fi ta Makka nisa, don haka a ware kuɗin tasi, a kuma fita da wuri. Na uku, mai fitowa daga Madina da niyyar Umara ya sani jirgin ba ya tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa, wanda ke kusa da garin. Ya yi wanka ya ɗaura harami tun kafin ya shiga, ya kuma tambayi malamai yadda zai yi niyya.

Su kuwa alhazai masu tafiya cikin tawaga lokacin aikin Hajji, yawanci an riga an haɗa musu kuɗin sufuri, saboda haka su fara tambayar jagoransu kada su biya sau biyu.

Masu iya magana sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Wanda ya san ranar tafiyarsa, ya yanki tikitinsa tun yana gida. Wanda bai tabbatar ba, ya je tasha da haƙuri da sauran lokaci a hannu. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.