Daga Damagaram zuwa bakin teku: abin da ya kamata iyaye su sani kafin su je ganin ɗansu ɗalibi a Kwatano ko Lome

Iyaye da dama a jihar Damagaram na da ɗa ko ɗiya da ke karatun jami'a a Benin ko Togo. Duk da cewa Damagaram ta samu tata jami'ar tun 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, har yau matasa na gangarawa Kwatano da Lome neman wasu fannoni. Uba kan sayar da bisashe ya aika kuɗin makaranta shekara biyu ko uku bai taɓa ganin ƙofar makarantar ba. Ga wanda ya yi niyyar zuwa ya gani da idonsa, ga yadda tafiyar take.

Tsawon hanya

Mai tasowa daga Damagaram Takaya zai fara shigowa birnin Damagaram, tafiyar kilomita kusan 70. Daga nan kar za ta bi babbar hanya RN1 ta ratsa Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi har Doso, kimanin kilomita 750. A Doso ake karkata kudu zuwa Gaya, kilomita wajen 150. Ƙetaren kogin Kwara kuwa Malanville ne, garin farko na Benin, kuma daga can zuwa Kwatano akwai kilomita fiye da 700 ta Kandi, Paraku da Bohikon. Jimilla tafiyar ta kusa kilomita 1,700. Dattijo ya ware kwana uku, ya kwana a Doso ko Gaya ya huta.

Matsalar tana Gaya

A da, kar ɗaya ke ɗaukar fasinja ta haye gadar Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe bisa dalilan tsaro. Daga nan matafiya suka koma sauka a Gaya, su shiga jirgin ruwa da kayansu, su hau wata motar a Malanville. Wannan na ƙara kuɗi da haɗari, musamman lokacin da kogi ya cika. Kada a yarda da ƙetarawa da dare, kada kuma a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. Tun a tashar Damagaram a tambaya ko tikitin ya haɗa da kuɗin ƙetara, domin tsarin kan sauya.

Takardu da kuɗi

Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, sai dai ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta har sai ta ba da wata sanarwa. A duba kada wa'adin takardar ya ƙare, a riƙe kuma katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da karne jon.

Ta fannin kuɗi akwai sauƙi: Nijar, Benin da Togo duk sefa ɗaya suke kashewa, jika a Damagaram jika ce a Kwatano. Ya fi kyau a aika babban kuɗin ta kamfanin aika kuɗi, a riƙe na guzuri kawai. Tsarabar kilishi da dambun nama ba ta da nauyi, amma a bar buhun gero a gida: gwamnati ta hana fitar da hatsi a watan Oktoban 2024, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso.

Hanyar bakin teku

Wanda ɗansa ke Lome zai ƙara kilomita kusan 150 daga Kwatano, teku na hagunsa. Hanyar ta bi ta Wida, inda aka gina Ƙofar Tafiya Ba Dawowa a 1995 don tunawa da bayin da aka kwashe zuwa nahiyar Amurka, sannan Gran-Popo, iyakar Hillakonji da Aneho. Da an shiga Togo a mayar da agogo baya da awa ɗaya. Mutumin tudu ya kalli teku daga nesa: igiyar ruwan wannan gaɓar na da ƙarfi, takan janye har gwanayen iyo. Baƙo ba zai rasa mai jin harshensa ba, domin akwai Zango a Kwatano, akwai Agoè-Zongo a Lome.

Abin da ya kai ka

Gaisuwa da ganin lafiyar yaro su ne farko, amma kada a dawo ba a taka makarantar ba. Jami'ar Abomey-Calavi da ta Lome na gwamnati ne, dukansu an kafa su a 1970. Makarantun kuɗi kuwa akwai na kirki, akwai na jeka-na-yi-ka. A watan Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samu digiri a Kwatano cikin makonni shida.

Uba ya nemi ganin rasit ɗin biyan kuɗi da sakamakon jarrabawar kowane zango. Ya tambayi ofishin makarantar ko tana da izinin gwamnatin ƙasar, ko kuma hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu ta amince da digirin fannin da yaron ke karantawa, domin amincewar ta fanni-fanni ce. A Benin, tun 2017 gwamnati ke shirya wa ɗaliban makarantun kuɗi jarrabawar lisans ta ƙasa, sai a tambayi yaro ko ya yi rajista. Wanda bai jin Faransanci ya nemi wani babba daga ƴan Nijar mazauna garin ya raka shi, kada ɗalibin ya zama shi ne tafinta a kan maganar da ta shafe shi.

A ƙarshe a leƙa ɗakin da yake kwana, a gaisa da mai gidan hayar, a karɓi lambarsa kafin a kama hanyar gida.