Ƙurajen fuska: ana zargin gyaɗa, amma bincike ya fi nuna sukari da farin burodi

A Maradi, Damagaram ko Yamai, samari da yawa sukan fara yini a teburin mai shayi, da rabin sandar burodi da kofin madarar gwangwani mai zaƙi. Da rana shinkafa ko taliya, da yamma a fada shayi zagaye uku, kowane da nasa sukarin. Amma idan ƙuraje suka feso a fuska, gyaɗa ake ɗora wa laifi, ko a ce dattin ciki ne. Binciken likitocin fata ya fi karkata ga abin da ke cikin kofin.

Yadda ƙurji ke fitowa

Kowace ƙofar gashi a fata tana da ƴar jakar da ke fitar da maiƙo. Lokacin balaga, sinadaran jiki kan sa maiƙon ya ƙaru, ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar. A ciki wata ƙwayar bakteriya mai suna Cutibacterium acnes take yaɗuwa, wurin ya kumbura. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na masu shekaru 12 zuwa 24 suna fama da ƙurajen. Gado ma yana da tasiri. Abinci shi kaɗai ba ya haifar da matsalar, amma yana iya rura ta.

Sukari da madara

A 2002, Loren Cordain da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon duba mutum 1,200 a tsibirin Kitava na Papua New Guinea da mutum 115 na ƙabilar Ache a Paraguay. Ba a sami ko ɗaya mai ƙurajen fuska ba. Abincin mutanen Kitava doya ne da dankali da kifi da kwakwa da ƴaƴan itace, babu farar fulawa ko lemun kwalba.

A 2007 aka gwada abin a Melbourne ta Ostireliya. An raba samari 43 gida biyu, aka ɗora rukuni ɗaya kan abincin da ba ya ɗaga sukarin jini da sauri. Bayan mako 12, ƙurajensu sun ragu fiye da na ɗaya rukunin. A Faransa ma, binciken NutriNet-Santé na 2020 kan manya sama da 24,000 ya gano alaƙa tsakanin ƙuraje da abin sha mai sukari, da madara, da kayan maiƙo masu zaƙi.

Farin burodi, farar shinkafa da sukari suna narkewa nan da nan, sukarin jini ya hau, jiki ya saki insulin mai yawa. Insulin da wani sinadari da ake kira IGF-1 su ne ke zuga jakunkunan maiƙo. Gwangwanin lemu na santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son babba ya tsaya a giram 25 a yini.

Kan madara kuwa, likita ɗan Najeriya Clement Adebamowo ya jagoranci wani bincike a jami'ar Harvard a 2005, kan mata sama da 47,000. Waɗanda suka fi shan madara a ƙuruciya sun fi samun ƙuraje, musamman madarar da aka cire wa mai. Wannan alaƙa ce aka gani, ba hukunci a kan kowa ba, kuma sakamakon bincike kan yawurt ya sha bamban. Masu ɗaga ƙarfe a gida da ƙetare su lura: likitoci sun ba da rahoton fesowar ƙuraje ga masu shan garin furotin na madara.

Ina ruwan hanji?

Masu cewa daga ciki ne ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Tun 1930 likitocin Amurka biyu, John Stokes da Donald Pillsbury, suka kawo ra'ayin cewa damuwa na iya dagula ƙwayoyin hanji, hakan ya bayyana a fata. Hanjin mutum cike yake da bakteriya masu amfani, waɗanda ke rayuwa kan dusar hatsi da ganye, suna samar da sinadaran da ke rage kumburi. A 2018, bincike a ƙasar Sin ya nuna masu ƙuraje suna da ƙarancin ire-iren waɗannan ƙwayoyi. Sai dai fagen sabo ne, kuma maganin wankin ciki ba ya cikin abin da likitocin fata ke rubutawa.

Abin da waɗannan ƙwayoyi ke so yana kasuwarmu: gero da dawa da ba a surfe su ƙal ba, wake, wanda Nijar ke cikin manyan masu nomansa a duniya, zogale, rama, kuka da kuɓewa. Dambun zogale ko kwaɗo ya fi taliya tsura. Fura ma ta fi amfani idan ba a cika ta da sukari ba.

Haɗarin maganin bakin hanya

Baƙin tabon da ƙurji ke bari kan baƙar fata shi ke kai ƴan mata da yawa ga man shafawa na sauya launi. Da yawa daga cikinsu na ɗauke da clobetasol ko betamethasone, waɗanda ke jawo sababbin ƙuraje, su kuma sirantar da fata. Haka ma ƙwayar dexamethasone da ake sha don ƙiba. Kafson da ake saye a hannun masu talla kuma yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani. Ko likita ne ya rubuta irinsa, ba a so a wuce wata uku zuwa huɗu ana sha. Mai juna biyu kada ta kusanci isotretinoin, domin yana nakasa jariri.

Wanda zai gwada sauya abinci ya rage sukarin shayi da lemu, ya ƙara wake da ganye, ya daina matsa ƙurji, sannan ya ba jiki mako 12 kafin ya yanke hukunci. Idan ƙurajen manya ne masu zafi, ko sun fara barin rami a fuska, likitan fata za a nema ba tare da jinkiri ba.