'Yan Ƙwayoyi Huɗu A Bayan Maƙoƙo

Zancenmu na yau a kan aikin maƙoƙo ne, ku saurara da kyau.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata tsoka da likitoci ke kira tayirod. Ita ce kan kumbura ta zama maƙoƙo, galibi saboda rashin aidin a abinci. Don haka ne aka wajabta sa aidin cikin gishiri a Nijeriya tun 1993. To, a bayan wannan tsoka akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi, yawanci huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Sunansu faratayirod. Wani ɗalibin likitanci na ƙasar Suwidin, Ivar Sandström, shi ya bayyana su a jikin mutum cikin 1880. Aikinsu shi ne daidaita kalsiyam a jini, watau sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya kuma hana jijiyoyi ɗaurewa.

Abin lura shi ne, ba wuri guda su ke ga kowa ba. Biyun sama sun fi zama a mazauninsu. Biyun ƙasa kuwa, tun jariri na ciki su kan gangara, wata ta zarce har ƙirji, wata ta shige cikin tsokar tayirod kanta. Wani mutum ma biyar gare shi.

Saboda haka in likita zai fiɗe maƙoƙo, sai ya nemo su a hankali, ya bar su da jijiyarsu ta jini. In ɗaya ta fita bisa kuskure, ya kan dasa ta cikin naman wuya. Wanzami ba shi da hanyar ganinsu. Kada ku yarda a sa wa maƙoƙo aska ko a yi masa sakiya a gida.

Mai maƙoƙo a Fagada ya fara zuwa ɗakin shan magani, a tura shi asibitin Jega ko Maiyama. In aiki ya kama, sai Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Bayan aiki, musamman kwana uku na fari, in leɓe ko yatsu suka sage, ko hannu ya ƙandare, kalsiyam ne ya yi ƙasa. Ba iska ba ce. A gaya wa likita nan da nan, gama in an yi sakaci abin ya kan kai ga maƙogwaro ya shaƙe numfashi. Ƙwayar kalsiyam ko allura na maganinsa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.